Sashe na Sha Bakwai

Kwantena shida na riɗi suka bar Dawanau,
Alhaji Sagiru da kansa ya duba ɗinkin kowane buhu.
Bayan wata biyu saƙo ya zo daga hayin teku:
wai da danshi, wai da tsakuwa,
za a zaftare uku cikin goma.

Ya hawo benen ofishina yana haki,
ya baje yarjejeniya kan tebur.
Na bi ta da yatsa har sashe na sha bakwai:
in an saɓa, a je Landan.

Landan!
Ya cire hula ya leƙa cikinta.
A Maigatari aka shuka, a Dawanau aka auna,
shaidun duk suna nan, suna cin gurasa a bakin sito,
amma gaskiyar sai ta nemi biza.
Sau biyu aka hana shi.
Ya ce ya yafe. Idonsa bai ce haka ba.

Kakana Ɗanbaffa fatoma ne a Kurmi,
bai san boko ba, ya san nauyin magana.
Buzu mai gishiri, Balaraben Gadamus,
falken Gwanja da huhun goro,
in ciniki ya cije, zaurensa ake nufa.
Kowa ya kawo wanda ya yarda da shi,
su biyun su zaɓi na uku.
A kwance kaya, a shinshina, a sāke awo,
kafin la'asar an yanke,
wanda aka kayar ma ya ci tuwon gidan,
baɗi kuma ya dawo da raƙuma.

Yaushe muka sayar da zauren nan?
Wa ya karɓi la'ada?

Daren nan ina rubuta wata sabuwa:
zoɓon Hajiya Uwale, tan arba'in, za shi Meziko.
Da na iso sha bakwai na tsaya,
na goge abin da aka saba,
na sa Kano.

Mai saye ya bugo, tafinta a tsakani:
"Wa zai hana a fifita ɗan gida?
In an yanke, wa zai hana kotu ta tone?"
Ban ji haushi ba. Kakana ma da ya tambaya.
Amana ba a kafa mata allon talla a Ƙofar Nasarawa,
tiya ce, sai an auna da ita an ga ba ta ƙwara.

Na ce, zaɓi naka, mu zaɓi namu,
na ukun ya fito daga inda ba mu da dangi.
Abin da suka yanke, ko a kanmu ne, a biya.

Ya ce zai yi shawara.

An ɗauke wuta, inji ya ƙi tashi.
Ina zaune da hasken waya,
kalmar tana nan, baƙi huɗu,
tana jiran hannu na biyu.