Takarda Rawaya

Daren Talata suka kira mu ɗakin karatu na unguwa,
Greensboro na tsiyayar ruwan sanyi ba ƙaƙƙautawa.
Na zo da takalmin aiki, hannuna na ƙamshin sabulun wanke-wanke,
na zauna can baya, inda ba a nuna mutum da yatsa.

A bango sun miƙe takarda, ta fi igiyar shanya tsawo,
wai hanyar kowane yaro ce a faɗin jiha:
nan haihuwa, nan rarrafe, nan aji uku,
can ƙurya hular gama sakandare mai tuntu.
Shekara goma sha takwas a jikin bango guda!
Na ce a raina, zanen hanya ba ya sa kaushi.

Wata Odessa Pruitt, daga babban birnin jiha,
ta jero lissafi har shayina ya huce.
Ba ƙarya take ba. Idonta ya faɗa, irin nawa.
Sai ta raba 'yan takardu rawaya masu danƙo a baya,
kowa ya rubuta abin da ya gani,
ya manna a shekarar da ta dace.

Me na gani?

Shekara tara ina riƙe da ludayi a sakandare.
Akwai Tavion, dogo, sai ya rusuna yake shiga ƙofa,
kullum maganarsa ɗaya: zuba mini irin na wanda ke gabana.
Na ɗauka kawaici ne.
Sai da na yi wata biyar na gane
allon abincin da ke rataye bisa kaina
sawun kaji ne a wurinsa.
Ranar da ya zo farkon layi, ba kowa a gabansa,
ya ɗaga kai, ya sauke,
ya ce yau ba ya jin yunwa.
Ni kuwa daga bayan tukunya ina jin kukan cikinsa.

Tun ranar nake karanta allon da ƙarfi,
kamar tsohuwa mai mita ita kaɗai:
kaza da shinkafa, taliya, wake.
Bai taɓa gode mini ba. Da ya gode, da na ji kunya.

Ga kuma Sahura, jikata, wata bakwai.
Da littafi mai kaurin kwali asibiti suka sallamo ta,
ta riga ta cinye kunnen zomon shafi na biyu.
Uwarta na aikin dare, ni ke buɗe mata.
Rubutun Turanci ne, bakina Hausa yake zubowa,
zomo ya koma ɗan Tasawa, har bashin goro ake binsa.
Tana bin yatsana da ido, tana dariya da dasashi.
Ko wannan ma yana cikin tsarin nasu, oho.

Takardar ba ta cika tafin hannu ba,
Turancina a rubuce kuwa ɗingishi yake.
Na dai sa: babban yaro ma yana ɓoyewa,
kada ku tambaye shi a gaban mutane.

Na tashi neman wuri.
Wajen jarirai takardu sun yi cincirindo, ranar kasuwa sak,
aji uku ba masaka tsinke.
Aji goma kuwa fili fetal,
kamar an gama da su, an kaɗe tabarma.
Can na manna tawa.

Danƙon bai kama ba, ta faɗo.
Odessa ta duƙa ta ɗauka, ta karanta,
leɓɓanta na motsi a hankali,
ta nemo abin liƙi a jakarta, ta danne kusurwa huɗu.
Ta tambayi sunana, ta rubuta shi a karkace.
Na karɓi alƙalamin, na nuna mata baƙi bayan baƙi:
Tsahara. Akwai T a gaba, ko da ba kya jin ta.

Na fito, ruwa bai ɗauke ba,
motar ƙarfe tara ta wuce ta bar ni.
Gobe Laraba, kifi ne da dankali.
Zan faɗa sau biyu, fanka na da ƙara.