Daƙiƙa Arba'in da Uku

Tara saura kwata, daren Alhamis,
Jagoda ta ƙwace mini rimot,
ta ce, Baba, zauna, ko tari kada ka yi.
A waje dusar ƙanƙara na lulluɓe titunan Gdansk,
a ciki miyar kabeji na hucewa a kan tebur.

Shirin matasa ne, 'yan sakandare,
irin waɗanda kuka ba ya ɓata musu kwalliya.
Kashi na bakwai. Wata mai koren gashi
ta wurga wayar saurayinta a kogi, ta zura da gudu,
sai kiɗa ya fashe.

Kamar an zuba alewa da ƙusoshi a injin markaɗe.
Kamar murna ta yi wa kofi shan wuce ƙima.
Ganga na tsalle, tana tuntuɓe da ƙafarta,
a bisanta wata 'yar murya, siririya kamar ta ɓera,
an ja ta, an datsa, an liƙe, an sake datsawa,
tana ihu wai yau ba wanda zai mutu.

Haifafof, in ji su.
Ni hayaniya na raɗa masa,
shekara biyu ina dukan bangon ɗakinta da takalmi.

Amma dakata.
Waccan ƙarar da ke keta amshi, ƙiiii,
na san ta kamar yunwar cikina.
Injin gogar ƙarfena ne.
Shekara talatin da ɗaya ina walda a jikin jiragen ruwa,
shi ya cinye mini kunnen hagu.
Ashe ranar da ta kawo mini abinci, bara,
ta ɗaga waya sama kamar mai neman sabis,
sata take yi mini, ido na ganin ido.

Muryar ma na san inda aka haife ta.
Cikin kabad, ƙofa a rufe,
tsakanin rigunan sanyin Wieslawa
da har yau na kasa bayarwa.
Wai ulu na shanye amsa-kuwwa, haka ta ce.
Na ji ta daga kicin a daren nan, kafin na'ura ta taɓa ta:
a dushe take, tana karyewa a baiti na biyu,
ta sake, ta karye, ta sake.
Yanzu ga ta an yi mata wanka da suga,
yara dubu nawa na rawa a kanta
ba su san ƙamshin turaren wa ke ciki ba.

Daƙiƙa arba'in da uku.
Sai tallan garin sabulu.

Kuɗin da suka biya ya gyara tukunyar ɗumama gida,
canjin ya sayi takalmi, ƙafa ɗaya.
Da sunaye suka taso a ƙarshe, ƙanana kamar kiyashi,
nata ya wuce kafin in lalubo tabarau.
Ta mayar baya. Ta tsayar.
Na ɗauki hoto, ya fito dishi-dishi,
da inuwar kaina a tsakiya.

Ta ce, to, yaya?
Na ce, miyarki ta huce.

Da safe, a gindin wani jirgin dakon kaya,
na tayar da injin, ban ɗora shi kan ƙarfe ba.
Mieczyslaw ya ɗage murfin fuskarsa, ya ce, lafiya?
Na juya masa kunnen da ya mutu.
Mai ran yana da aiki.