Tagar da Ta Tsaya a Goma

A Punta Arenas iska ba ta sallama,
ƙofar aji take turawa ta shigo.
Maite ta hura yatsunta,
ta zaro kalkuletan yayanta daga aljihun rigar sanyi,
wanda ya bar mata ranar da ya bi jirgin kamun ƙaguwa.
Murfin batir da salatif aka ɗaure shi.
Lamba bakwai kuwa sai an lallashe ta.

Malam Oyarzo ya rubuta a allo:
y daidai take da x sau x, a ƙara hamsin.
"Ku zana."

Ta danna. Ta jira.
Gilashi fayau,
sai layi biyu da suka gitta juna,
ɗaya kwance, ɗaya tsaye.
Ta girgiza shi, ta buga a tafin hannu.
Shi ke nan, ya mutu,
Eladio zai ce ni na kashe.

Malam ya matso da warin kofi da alli,
ko taɓa na'urar bai yi ba.
"Zanenki na nan," ya ce.
"Tagarki ce ta tsaya a goma,
shi kuwa daga hamsin ya fara."

Ta mai da goma ɗari biyu.
Sai ga shi daga hagu, ɗigo bin ɗigo,
yana gangarowa kamar mai tsoron santsi,
ya taɓa hamsin,
ya juya, ya kama hawa.
Ashe tun ɗazu yana can sama, ita ce ba ta ɗaga kai ba.

Da dare, a teburin kicin,
ta saka ɗaya a raba da x.
Wannan layin ya faɗo daga sama,
ya miƙe dama yana kusantar ƙasa,
kusa, kusa,
ya ƙi sauka.
Ta buɗe taga zuwa ɗari, zuwa dubu.
Kamar ya taɓa.
Ta matso da hoton: da sauran tazara,
siririya kamar gashin gira.

Inna tana goge tukunya, idonta kan mashigin teku,
tana ƙirga fitilun da ke tafe.
Kwana arba'in da ɗaya yau.
"Me kike kallo haka?"
"Wani abu ne da yake ta zuwa."

Gilashi ya dushe, batir ya yi sanyi.
Maite ta miƙe a hankali,
ta kwance na rimot ɗin talabijin.