Minti Uku

Aikina riƙe agogo.
Daren Talata, zauren majalisar gari,
nan bakin tabkin Erie,
ƙanƙara na narkewa a takalman mutane.
Kowa minti uku,
babu ƙarin ko ƙiftawar ido.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan kujera.
Na saba da mutum shida, bakwai,
masu ƙorafin shara da haushin karen maƙwabci.
Yau zaure ya cika har bakin ƙofa,
kwalaye a sama, tutoci iri biyu,
kowane ɓangare ya ja kujerunsa gefe
sai ka ce kogi ne ya ratsa tsakiya.

Rima Khoury ce ta fara,
mai haɗa magani a kantin kusa da tasha.
Ta ce, layi biyu kawai muke roƙo,
ku ce garin nan na son a tsagaita wuta.
Ta warware takarda, sunayen danginta,
tana kan na tara agogo ya yi ƙara.
Ni na danna. Hannuna ne.

Wani daga baya ya ce, ki koma can mana!
Wata ta mayar masa, mai jini a hannu!
Zagi ya tashi kamar an taɓa gidan rina.
Dellinger, shugaban majalisa,
ya buga gudumar katako,
ya ce, ladabi, jama'a, ladabi.
Ya gyara tabarau:
yaƙin ƙetare ba huruminmu ba ne.

Na rubuta, ba huruminmu ba ne.

Sai tsoho Casimir Wojtas ya taso da sandarsa,
shekara arba'in a masana'antar ƙarfe,
kunne ɗaya ya tafi tare da aikin.
Ya dangwarar da kwalba a kan tebur,
ruwan famfon gidansa, launin shayi.
Ya ce, bara kun ce kuɗin bututu sun iso.
A ina suka kwana?
Dellinger ya leƙa takardu:
wannan na gunduma ne, ba huruminmu ba.

Na ɗaga alƙalami,
na ga ashe na riga na rubuta a sama.

Tsohon ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Can ya yi muku nisa, nan ya yi muku kusa.
To ku nuna mini iyakar gonarku
in san inda zan kai kukana.
Kun ci ladan kuturu, askin fa?

Ya waiwayi agogona. Saura minti ɗaya da rabi.
Ya ce, ban san mai gaskiya a wancan yaƙi ba.
Ɗana ya tafi wani, a akwati ya dawo,
ranar kuwa an kira sunansa har ƙarshe,
babu wanda ya katse.
'Yar nan, zo ki ƙarasa.

Doka ta hana aron lokaci.
Sashe na huɗu, ni na buga shi da hannuna.
Dellinger ya dube ni.
Na dubi kwalbar.
Yatsana ya manta hanyar maɓalli.

Ta karanta. Goma sha bakwai.
Mai ihun nan bai cire hula ba,
bai kuma buɗe baki ba.
Da aka zo kansa, Saul Brenner,
ashe shi ma da suna a aljihu,
guda ɗaya, ɗan ƙanwarsa.
Ya faɗa, murya na rawa.
Rima ba ta dube shi ba. Ba ta fita ba.

Huɗu da uku aka ɗage batun biyu
zuwa wata mai kamawa.
Babu wanda ya gaisa da wani a ƙofa.

A rahoton zama na rubuta, jama'a sun yi magana.
Na kashe fitilu, na kwashe kofuna.
Kwalbar kuwa na bar ta gaban kujerar shugaba,
inda yakan ajiye ruwan shansa,
tsatsa na kwantawa a gindinta
sannu a hankali.