Zanen Suna a Aliero

Wata uku muna zama a Aliero,
mu bakwai, da takardu, da ruwan leda,
muna neman abin da za mu kira
ɗakunan nan da ido ba ya gani.
Wani ya ce a aro, wani ya ce a ƙera,
kullum a tashi, jariri babu suna.

Ran kasuwa sai ga Baba Nomau.
Albasa ta faɗi, buhu ya ƙi tashi,
ya biyo ɗakin gwajinmu ya huce,
ƙafa duk laka, aljihu da ƙwara ɗaya
wadda ya ɓoye wa dillali tun daga gona.

Na ɓare ta, na zare tantanin ciki,
siriri kamar hucin baki a kan madubi,
na shimfiɗa a gilashi, na ɗiga aidin.
Na ce, "Baba, rufe ido ɗaya ka leƙa."
Ya daɗe, har na zaci gyangyaɗi yake.
Sai ya ce, "Tumba, wa ya sa fadamata cikin ƙarhen ga?
Ga fangali, ga fangali, reras,
ko ni ban ja layi haka ba bana."

Na ce littafi bango ya kira iyakar nan.
Ya ce, "Bango na gida na. Wagga kunya ta."
Na rubuta. Hannuna yana rawa.
Na ce bayanta akwai wata 'yar fata
mai zaɓen wa zai shiga, wa zai tsaya waje.
Ya ce, "Mai tsaron kafa ke nan,
shi buɗe ma ruwa, shi toshe ma fitina."

Ga ɗigo can a gefe, launin goro.
Na ce nan aka naɗe rubutun gado,
mai cewa ki yi ja, ki yi yaji, ki yi kai.
Bai ɗago ba. "Ƙoƙon iri," in ji shi,
"irin wanda uwarki ka ratayewa ga azara,
ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa shi,
sai ranar shuka ta nuna."

Na kawo ruwan gishiri na ɗiga.
Muka ga ciki yana janyewa daga kunya,
yana tattare jiki kamar mai jin sanyi.
Kalmar da muka haddace tun aji uku
mai gaɓa uku, mai ɗanɗanon alli,
ya ture ta gefe da ɗan yatsa:
"Naso na. Randa ma tana yi.
Abin da ya biyo baya kuwa yaushi na,
tambayi duk wanda injinai ya mutu da rana."

Sai na yi zari. Na ce akwai wasu ƙanana,
wannan madubin bai kai gare su ba,
su ke ƙona abinci su fitar da ƙarfi.
Ko mu ce murhu? Ko maƙera?
Ya goge ido da bakin riga.
"Abin da ban gani ba, ɗiyata,
ba ni raɗa mai suna."

Gurbin nan har yau fari ne a takardata.
Kwamiti ya karɓi naso, ya ƙi kunya,
wai yara za su ɗauka ta jin nauyi ce.
Ƙoƙon iri yana gaban shugaba, ana dubawa.
Shi kuwa Baba, da ya miƙe zai tafi,
ya ɗauki sauran albasar ya mai da aljihu.
"Kun gama da fatar? To, saura ta miya ta."
Ya fita neman motar Jega,
ya bar mini warinta a yatsu har kwana.