Mashi a Bayan Gareji

Asabar ce, ganye ya gama zuba a Berea,
sanyi na cizon kunne kamar yana bin mu bashi.
Orville Tackett, maƙwabcina, saba'in da ɗoriya,
ya leƙo ta kan shinge ya ce da ɗana Mudassir:
"Sa takalminka, yau za ka yi mashi."

Na bi su, wai rakiya.

A gangaren rafi ya tsaya gaban wani ɗan itace,
hikori suke ce masa, taurin kansa irin na marke.
Ya kanne ido ɗaya, ya duba miƙewarsa.
"A sare shi ya fi ka tsawo, yaro.
In ka yi tuntuɓe, tsinin ya wuce ta saman kanka,
kada ya tarar da haƙarƙari."

Na san maganar nan.
Da wata murya na fara jin ta,
a bakin fadamar garinmu,
ina ɗan sha ɗaya, littafin lissafi a hammata,
mahaifina Jatau na kira in zo in gani,
ni kuwa ina cewa gobe akwai jarrabawa.
Gobe, gobe,
har goben ta yi yawa ta cinye shi.

Bayan gareji muka zauna kan tsofaffin tayoyi.
Wuƙa ta shiga ƙarƙashin ɓawo,
farin jikin itacen ya fito da danshinsa.
"Tura ta waje, kada ka jawo ta wajen cikinka."
Mudassir ya cije leɓe,
sassaƙe na zuba kan takalminsa kamar yankan kuɓewa.
Ya so tsini irin na allura. Ya samu. Ya karye.
Dattijon bai ce uffan ba,
ya sa babban yatsa ƙasa da karayar: daga nan.

Sai wuta, a cikin rabin durom.
Ba a harshenta ake sawa ba,
can sama da garwashi,
a juya, a juya, kamar mai gasa masara ba ya son asara,
ruwan jikin itacen na tsatstsafowa yana kuka,
fari ya koma ja, ja ya nufi launin soyayyar gyaɗa.
Wani ƙamshi ya taso.
Kafin Orville ya buɗe baki na ji kaina na ce,
"Ya isa, janye shi."

Ya dube ni ta saman tabarau.
"Wa ya koya maka?"
Na ce, wani mutum ne da ban saurara ba.
Ya miƙo mini dutse. Na goge tsinin har ya yi sheƙi,
hannuna na tafiya a hanyar da ban san ya sani ba.

Lahadi da sassafe, raɓa ta daskare a kan ciyawa.
Ga zomo a gefen tsohuwar gonar taba,
kunnuwa a tsaye, hanci na lissafi.
Mudassir ya ɗauke numfashi, ya ja baya, ya saki.
Mashi ya cake ƙasa, kamu huɗu daga inda aka aike shi.
Zomo ya yi tsalle uku,
ya tsaya, ya waiwayo,
kamar mai tambaya ko akwai saura.

Orville ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Shekara sittin ina jifa, biyu na taɓa samu,
ɗayan ma gurgu ne."

Taliya da kifin gwangwani muka ci a daren.
Mashin yana jingine bayan ƙofa,
tsakanin lema da shebur ɗin kwashe ƙanƙara.
Litinin na koma ɗakin gwajin jini,
da baƙin gawayi a ƙarƙashin farce.
Na wanke hannu yadda doka ta ce, na sa safa,
amma wurin nan ban cuɗa shi sosai ba.