Keji na Sha Bakwai

Valparaíso, ƙarfe uku na dare.
Hazon teku ya haɗiye tuddai, jiragen ruwa na gunaguni a tasha.
Ni kaɗai ne a ɗakin gwaji, sai agogo, sai warin ɗiɗɗigar katako,
sai 'ya'yan degu, ɓerayen duwatsun ƙasarmu,
masu gashin baki irin na tsofaffin masunta.

Aikina sa'a guda ne kullum:
in zare ɗa daga jikin uwa,
in ajiye shi inda zai ji kiranta ta bango
amma ba ya ganinta.
Mako uku ana haka.
Farfesa Huenchullán ta hana a raɗa musu suna.
Na keji na sha bakwai, a ɓoye, Tito nake ce masa.

Da rana mukan yanka ƙwaƙwalwa siririya kamar ɓawon albasa,
mu rina ta, mu leƙa ta madubi,
mu ga jijiyoyi sun yi rassa
sun bi wata hanyar da ba ta 'yan'uwansu ba,
kamar rafin da aka tare tun yana ƙarami.
Mu ƙirga. Mu rubuta. Mu sha shayi.

Daren nan ƙasa ta motsa.
Kwalabe suka yi ta cacar baki a kan kanta,
fitila ta yi lilo.
Waɗanda suka tashi a gindin uwa suka cure wuri ɗaya,
ba ka gane kan wani daga wutsiyar wani.
Tito ya tafi lungu, ya ba duniya baya,
ya sandare kamar an dasa shi.

Sai wata 'yar ƙarama mai yagaggen kunne
ta fice daga curin,
ta shinshina shi, ta kwanta a kansa.
Na duba agogo, hannuna na rawa:
daƙiƙa arba'in kafin numfashinsa ya sauka.
Takardar ba ta da gurbin rubuta wannan.

Ina da shekara huɗu mahaifiyata ta tafi Calama
dafa wa masu haƙar tagulla abinci.
Muryarta kawai na sani, ran Lahadi,
ta wayar kantin Don Evaristo,
ina tsaye a kan buhun wake.

Ƙarfe huɗu saura na kira ta.
Bugu ɗaya ta ɗauka.
Ta ce, "Nibaldo, kai ma ka ji ta?"
Na ce na ji.
Muka yi shiru, kowa na sauraron numfashin ɗan'uwansa.